Ina aka bar Alƙahira a jerin birane masu raha?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ba ta ƙarewa, wato wane birni ne ya fi raha da nishaɗi a duniya. Duk lokacin da aka kawo jeri, sunayen ba sa canzawa: Paris, Landan, New York, Dubai, sai a liƙa Rio de Janeiro saboda bikin kanibal. Ni ɗan kasuwa ne, sarin kaya ya sa na taka wasu garuruwa, kuma a ganina masu tsara jerin nan da aljihun mai kuɗi suke awo. Tambayar da ta dame ni daban ce. In dare ya yi, mai 'yan canji zai iya fita ya tarar da jama'a, ya ci, ya sha hira, ya koma masauki ba tare da ya ji an ware shi ba?

In da wannan mudu za a auna, Alƙahira ce a gaba. Gari ne da mutanensa da na kewaye suka haura miliyan 20, kuma kamar sun haɗa baki ba za su kwanta da wuri ba. A ƙarshen 2020 gwamnatin Masar ta ƙayyade lokacin rufe shaguna, amma hakan bai kori mutane daga titi ba. Je ka gadar Ƙasrun Nil bayan isha'i, za ka ga magidanci da matarsa da 'ya'yansa sun fito shan iska, masu gasa masara suna fifita wuta, ƙananan jiragen ruwa suna yawo a kogin Nilu da fitilu da kiɗa. Babu mai tsare ka a ƙofa ya ce kawo tikiti. Daga nan ka nufi tsohon gari, inda kasuwar Khan el-Khalili take tun ƙarni na 14, dab da masallacin Husaini, ga Azhar a tsallaken titi. Ka sami kujera a wurin mai shayi, a kawo maka da na'ana'a, na kusa da kai yana buga domino yana zolayar abokin wasansa. Kafin kofin ya huce wani ya tambaye ka daga ina kake, in ka ce Nijeriya sai hirar ƙwallo ta ɓarke. Bamisire ba ya rasa abin ban dariya, ko da kuwa kukan tsadar rayuwa yake yi.

Ga abinci. Koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙananan wake) da soyayyar albasa a zuba miyar tumatir, shi ne abincin lebura, shi ne kuma na mai kwat da taye, layi ɗaya suke bi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da suka buɗe a 1987, na farko a Afirka, zai kai ka nesa da kuɗi kaɗan. In kuwa azumi ya same ka a can, to ka ga gari. Ana rataye fitilun fanus a lunguna, a jera tebura a bakin hanya don duk mai wucewa ya yi buɗa-baki kyauta, bayan tarawihi kuma sai sabuwar rana ta fara har zuwa sahur. Ban ce babu aibu ba. Ƙarar hon ba ta tsayawa, ƙura ta isa, tsallaka titi sai da addu'a, mai shago kuma in ya ga baƙo sai ya ninka farashi. Amma wanda ya saba ciniki a Kwari ba a nan za a kayar da shi ba.

Istanbul ce ta biyu a wurina. Da kuɗin shiga motar haya za ka hau jirgin ruwa daga Eminonu, ka bar nahiyar Turai ka sauka a Asiya, kana kurɓar shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Babbar kasuwarsu mai rufi, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Muhammadul Fatih, tana da shaguna wajen 4,000. Abin haushi shi ne mutanenmu da yawa iyakarsu Laleli, unguwar 'yan sari, su ɗaure kaya su wuce filin jirgi, sai su dawo su ce sun ga Turkiyya.

Dubai kuwa, a yi mini afuwa, an fi yabonta fiye da kima. Burj Khalifa mai tsawon mita 828 abin kallo ne, ba musu. Sai dai nishaɗin garin a cikin gini yake, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kuma kusan kowace ƙofa da farashinta. Da bazara ma titi ba ya takuwa da rana. Inda na ga rai a garin shi ne Deira, wajen kasuwar Naif, inda Bahaushe da Ba'indiye da Basomale suke ciniki da rabin Larabci rabin nuni da hannu, kuma ba can ake ɗaukar hotunan talla ba. Rio na da kanibal, amma 'yan kwanaki ne a watan Fabrairu ko Maris, bai kamata a auna gari da sati guda ba. Gara a ba ni dandalin Jemaa el-Fna na Marrakesh a ƙasar Maroko, wanda UNESCO ta karrama tun 2001, domin shi kullum yamma yake cika da masu tatsuniya da masu wasa da maciji da makaɗan gargajiya na Gnawa.

Na san 'yan Legas za su ce na yi son kai. Suna da gaskiyarsu, musamman a watan Disamba, kuma duk wanda ya ci tsire a Obalende da tsakar dare ya san garin ba ya barci. Matsalar ita ce cunkoson motoci kan cinye rabin nishaɗin tun kafin mutum ya isa wurin.

Roƙona, Malam Edita, shi ne nan gaba in za ku taɓo wannan batu, ku tuntuɓi ɗalibanmu da ke karatu a Azhar da fataken da ke zirga-zirga tsakanin Kano da waɗannan garuruwa. Su faɗa mana nawa ne kwanon abinci, nawa ne kuɗin mota, wace unguwa ce mace za ta iya fita da 'ya'yanta da dare hankali kwance. Na gode.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwa daga Fagge, Kano