Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Kwamitin Kula da Rumfuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, ga rahoton kwamitin kula da kaya na ƙungiyarmu ta unguwa a nan Garwa. Lissafin kuɗi, shiga da fita, ma'aji zai karanta shi daban ranar taro. Namu shi ne mu faɗa muku inda rumfunanku suka je a bana, yadda suka dawo, da abin da muka yi musu.

Kayan kun san su: manyan rumfuna biyu masu tamfol mai kauri, ƙanana uku, sai kujerun roba da tabarmi. Alhamdu lillahi babu wadda ta ɓata, kuma babu wanda ya ji rauni wajen kafawa ko saukewa.

Shekarar ta fara da gudu. Kowa yana son ya aurar kafin azumi, saboda haka Janairu da Fabrairu rumfunan ba su huta ba, ga ƙurar hunturu tana zuba a kansu. Azumi ya kama wajen 11 ga Maris, a tsakiyar zafin Garwa da ke wuce digiri 40, sai muka kafa babba ɗaya a ƙofar masallaci saboda tafsiri da buɗa baki, ta yi wata guda cur a rana. Bayan Ƙaramar Sallah a Afrilu bukukuwa suka dawo. Babbar Sallah ta zo a tsakiyar Yuni ruwa ya riga ya sauka, walimar alhazai ta biyo baya, sannan Maulidi a tsakiyar Satumba. Zaman makoki kuwa, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ba mu karɓi ko dala ba, kuma duk gidan da aka yi rasuwa an kai musu rumfa kafin a dawo daga maƙabarta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin da ya fi damun mu a bana ya samo asali ne daga kuɗin dako. A Fabrairu gwamnatin Kamaru ta ƙara kuɗin mai, litar fetur ta tashi daga sefa 730 zuwa 840. Man Najeriya da muke ragewa da shi ma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can a watan Mayu na 2023. Masu babur mai ƙafa uku suka ƙara kuɗi, ba laifinsu ba ne. Sai mai biki ya ga sawu biyu ya yi masa yawa, ya haɗa komai a sawu ɗaya: tamfol a ƙasa, ƙarafa a kansa, kujeru a sama. Kafin a iso ɗakin ajiya bakin ƙarfe ya huda tamfol. Wani kuma ya bar kayan a zaure sai ya samu kuɗin dako. Da rani wannan jinkirin ba ya yin illa sosai. Da damina shi ne ya kusa cinye mana rumfa guda.

A Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, an sauke babbar rumfa da asuba bayan an kwana ana ruwa, aka naɗe ta da lemarta, ta yi kwanaki a wani zaure. Ba za mu ambaci gida ba, domin mai gidan bai san illar ba, kuma da aka nuna masa ya zo da kansa ya yi wanki tare da mu. Da muka warware ta wari ne ya fara tarbar mu. Cikin kowane ninki baƙaƙen ɗigo ne jere, wasu wuraren sun yi toka-toka, zaren ɗinkin gefe kuwa da ɗan yatsa kake jan sa ya tsinke. Fumfuna ce. Ba robar take ci ba, dattin da ke kanta take ci: ƙura, maiƙon abinci, kashin tsuntsu. Idan ta samu lema da ɗumi da duhu, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta kama. Ana iya kashe ta, amma tabon da ta bari sau da yawa ba ya fita duka. Wanda ya zauna ƙarƙashin rumfar nan a Maulidi ya ɗaga kai, ya gan shi.

Wannan ne ya sa muka zauna muka tsara yadda za a riƙa wanki, kuma muna so kowa ya san tsarin, ba 'yan kwamiti kaɗai ba.

Ana shimfiɗa tamfol ne a kan daɓen siminti da aka share tas, ko a kan tsofaffin tabarmi. Wasu matasa sun kawo shawarar a kai bakin kogin Binuwai tunda ruwa kyauta ne. Mun ƙi. Yashi yana goge fuskar tamfol, jiƙaƙƙen tamfol kuma nauyi gare shi, dole a ja shi a ƙasa, ga kogin da damina ba wurin wasan yara ba ne. Kafin soso ya taɓa shi sai an fara kwara ruwa zalla ƙura ta tafi. Wanda ya fara cuɗawa a kan busasshiyar ƙura, da hannunsa yake kankare rufin robar. Daga nan sai ruwan sabulu mai sauƙi da soso mai laushi, ana bi yanki-yanki, babu takalmi a kai. A ɗauraye sosai, domin sabulun da ya bushe a jiki shi ke kama sabuwar ƙura. A juya, a wanke cikin, wanda mutane suke mantawa da shi alhali nan hayaƙi da tururi suke taruwa.

Iyayenmu mata, muna roƙon ku da girman Allah a bar zuba ruwan javel, wato bilicin da ke sa kaya fari, tsagwaronsa. Mun san niyyar alheri ce, ana so rumfa ta yi fari. Amma yana cin zaren ɗinki, yana koɗar da launi. Inda fumfuna ta kama kaɗai ake sa shi, a sirka da ruwa mai yawa, a gwada a wani lungu tukuna, a ɗauraye nan take. Samari kuma masu goge tabon fenti ko maiƙo da fetur ko kananzir, ku daina. Tabon zai fita, amma wurin zai yi tauri, bayan 'yan watanni ya tsage. Burushin ƙarfe ko soson ƙarfe na tukunya kada ya kusanci tamfol.

Shanya ita ce rabin aikin. Tsakiyar tamfol tana bushewa da wuri, sai mutum ya taɓa ya ce ya yi. Ba can ake dubawa ba. A sa hannu cikin kalmasar gefe, da wajen ɗinki, da igiyoyin. Idan akwai sanyi-sanyi a nan, bai bushe ba. Mafi sauƙi shi ne a mayar da shi kan ƙarafansa ya sha iska. Da ya bushe kuma a sauke, domin ranar da ke busar da shi ita ce ke tsofar da shi. Rumfar da ta yi azumi a ƙofar masallaci ta fi 'yar uwarta tauri yanzu, kuma tare aka saye su.

Iskar farkon damina, ta Afrilu da Mayu, ta kayar mana da ƙaramar rumfa sau ɗaya, da dare, ba kowa a ciki. An ɗaure ta ne da duwatsu maimakon turaku. Yanzu kowace ƙafa tana da turkenta da igiyarta. Idan hadari ya haɗo gabas ya yi baƙi, a fitar da mutane, a kwance rufin in da hali. Ruwan da ke kwanciya a kan rufi ma ba abin rainawa ba ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa mai zurfin santimita 10 a faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya ya kai kilo 100, buhun masara guda ke nan rataye a kan mutane. Shi ya lanƙwasa mana ƙarafa biyu na sama. A ja tamfol ya miƙe sosai tun wajen kafawa, in ruwa ya taru a tura shi da tsintsiya mai faɗi, ba da tsinin sanda ba.

Ƙarafan sun je wajen mai walda. Ku sani duk inda aka yi walda, wuta ta ƙone farin rufin da ke kare ƙarfen, nan tsatsa take farawa, ita kuma ke rina tamfol ja. Mun goge wuraren, mun shafa fentin hana tsatsa. Hujojin tamfol, ƙanana mun liƙe su da gam ɗin roba ciki da waje, an yanke facin da zagaye saboda mai kusurwa saurin ɓamɓarewa yake yi. Manyan yagewa mun kai wa mai ɗinkin tamfol ɗin manyan motoci. Kujeru da tabarmi ba su da wata matsala, ban da 'yan kaɗan da suka karye aka biya.

Ɗakin ajiya mun ɗora katako a ƙasa don kayan su bar taɓa daɓe, mun toshe ramukan ɓera, mun yi maganin gara. Tamfol yanzu naɗe shi muke yi a jikin bututu maimakon ninkewa, tunda ninki a wuri ɗaya kullum shi ke zama tsaga. Wani abu da ke hannun masu biki: in za a iya, kada a kafa ƙarƙashin mangwaro ko darbejiyar da jemagu ke kwana, a nisanta murhu da rumfa, kuma wayar lantarki kada a naɗa ta tsirara a jikin ƙarfe. Wannan na ƙarshen maganar rai ce.

Muna godiya ga matan ƙungiya da suka ɗauki nauyin ruwa da sabulu a duk wankin da aka yi, da matasan da suke kafawa da saukewa ba tare da an biya su ba. Wasunsu daga wurin aiki suke zarcewa.

Abubuwan da muke neman amincewarku ranar taro ga su. Muna so a ware wani kaso daga kuɗin haya ya zama na gyara kaɗai, kada a taɓa shi don wata hidima. Muna so mai biki ya ajiye ɗan kuɗin jingina, a mayar masa idan kaya sun dawo a bushe, kuma kuɗin dakon dawowa ya shiga cikin haya tun farko, ƙungiya ta turo mai ɗauka da kanta. A cikin kwamiti an yi saɓani kan ko jinginar ta shafi gidan rasuwa. Mafi yawanmu muna ganin bai dace a tambayi mai makoki kuɗi ba. Mu ne za mu je mu sauke, mu shanya. Amma hukuncin naku ne. Sai maganar babbar rumfar da fumfuna ta taɓa: a ganinmu za ta iya fitar da damina ɗaya, don haka a fara tanadin sabon rufi tun yanzu.

Babban wanki na gaba za a yi shi ne a ƙarshen Fabrairu, kafin azumin 2025 ya kama, a filin da aka saba, bayan sallar asuba. Za a sanar da ranar a masallaci da zauren WhatsApp na ƙungiya. Mai zuwa ya taho da bokiti da soso mai laushi.

Wassalamu alaikum.

Magatakarda, a madadin kwamitin kula da kaya