Jikin Yaya, daga Aboabo

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Kano? Na ga saƙonka kan jikin Yaya. Da sauƙi, amma kai ba wanda zan ɓoye wa ba ne.

Shekara uku ke nan yana tangaɗi, maganarsa na sarƙewa. Ran nan a kasuwar Kejetiya wani ya ce masa ya rage sha. Yaya fa, da ko ƙofar mashaya bai sani ba! Da aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI a asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, likita ya ce ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ce ke ƙanƙancewa, wadda ke daidaita ƙafa da hannu da harshe. Sunan ciwon ataksiya.

Abin da ka yi ta kewayewa a saƙonka, ni na tambayi likita kai tsaye: shekara nawa suka rage wa Yaya? Ya ce ya danganta da irinta, don ta gado kaɗai ta haura iri 40. A cikinsu akwai wadda ake kira SCA6, sai an manyanta take zuwa, tafiyar hawainiya gare ta, mai ita kan tsufa kamar kowa. Ta Friedreich kan fara kafin shekara 25, tana kuma taɓa zuciya. Mai tsananin ita ce wadda ake kira MSA, ita ba ta gado ba ce, mai ita kan rayu yawanci shekara 6 zuwa 10 daga farawa. Wadda giya ko ƙarancin bitamin B12 ya jawo ana iya taka mata birki. Ta Yaya ana kyautata zaton ta gado ce, ka dai tuna yadda Baba ke bin bango zuwa masallaci, kuma sai da ya ga jikoki. Wannan ne ya ɗan sanyaya mana rai.

Ni tangaɗin nake tsoro, ashe ƙwarewa ta fi shi haɗari. Abinci ya kuskure ya faɗa huhu, sai ciwon huhu, shi ne ke yawan ɗauke masu wannan larura. Sai kuma faɗuwa. Yanzu kokonsa da kauri ake damawa, ya zauna ƙyam ya sha cokali-cokali, ba mai jan sa da hira. Ruwan leda sai an juye a kofi. Mun kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, sallah a kujera, motsa jiki kullum da safe ko yana mita.

Yaya ya ce a faɗa maka kilishin da ka yi alkawari ka bar shi, ba ya haɗiyuwa. Ka aiko da zuma.

A gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
daga Kumasi