Zuwa ga Auta, kan kujerar da aka miƙa miki

Birni, Damagaram

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta da tsakar rana.

Tun daren da kika kira ni maganarki take cina. Kin ce an ba ki shugabancin masu rubuta manhaja a wurin aikinku, mutum 7, duka maza, biyu sun girme ki, har kina tunanin cewa a ba wani. Na yi shiru a waya don na san in na buɗe baki kuka zai ƙwace mini. Ki karɓa, Auta.

Kin san na yi shekara 22 ina buga takardu a ofis, yatsuna kullum baƙi da tawada. Ranar da aka kawo mana kwamfuta ta farko, ni ce na ɗinka mata mayafi saboda ƙura. Da za a tura mutum ɗaya horo Yamai, shugabanmu ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ai ke da goyo ba za ki iya ba, ko?" Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ke ce a bayana ranar. Amma kada ki ɗauka goyon ne ya hana ni, domin kakarki ta riga ta ce za ta riƙe ki. Kunya ce kawai. Yaron da na koya wa saka takarda a inji shi ya tafi, bayan shekara 3 shi ke sa hannu a takardar hutuna.

Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titin Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru. A 2000 aka yi dokar ba mata kaso a muƙaman gwamnati. Wannan doka ba ta leƙa ɗakin taron kamfaninku, can bakinki ne zai yi miki aiki. Ko hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka kafa tun 1865, sai a 2023 mace ta fara jagorantarta, Doreen Bogdan-Martin.

Manyan nan biyu ki gaishe su da ladabi kamar yadda muka koya miki, amma ranar da aka tsayar don miƙa aiki ta zauna yadda take. Kada ki zama mai zuba shayi a kowane taro. Abin da kika rubuta da hannunki, sunanki ya hau kansa. Ki tambayi nawa ake biyan wanda ya bar kujerar kafin ki sa hannu, ba rashin kunya ba ne. Wanda ya zo neman aurenki kuma, ya ji maganar aikin nan tun a zaure.

Sai roƙona. 'Yan mata na gama Jami'ar André Salifou a nan, wasu sun iya kwamfuta sosai, suna zaune gida don ba su san kowa a Yamai ba. In lokacin ɗaukar masu koyon aiki ya yi, ki nemi takardunsu da kanki, ki zaunar da ɗaya kusa da teburinki.

Ɗiyar yayarki tana ta tambayar tsohuwar kwamfutarki, in ba kya amfani da ita ki aiko a mota. Babanki na gaishe ki, ya ce shi ma yana jiran kiranki ranar da kika ba su amsa. Allah ya yi miki albarka.

Innarki