Ba Kalshiyam Kaɗai Ke Gina Ƙashin Yaro Ba

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin iyaye kan sinadarin zink, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana maganar ƙashin yara, alhali ƙarancinsa a abinci yana daga cikin abubuwan da ke tsumburar da yaro. Da zarar an ga yaro ya ƙi tsawo, sai a ce gado ne, ko kuma a ce a ƙara masa madara saboda kalshiyam, daga nan an rufe magana.

A kusa da bakin kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani faifan guringuntsi inda ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa suna jeruwa, sannan kalshiyam ya zauna a kansu su taurare su zama ƙashi. Daga nan tsawo yake fitowa. Wannan rarrabuwa ba ta tafiya daidai sai da zink, haka kuma sinadarin alkalin fosfetes da ke taimaka wa kalshiyam ya kama ƙashi da zink yake aiki, kuma idan zink ya yi ƙaranci, sinadarin girma da ake kira IGF-1 yakan ragu a jini. Wato kalshiyam bulo ne, kuma bulo komai yawansa ba ya hawa kansa idan babu magini.

Likita Ananda Prasad ne ya fara bayyana wannan matsala a 1961, bayan ya ga wani saurayi ɗan shekara 21 a birnin Shiraz na ƙasar Iran wanda jikinsa bai wuce na ɗan shekara 10 ba, bai balaga ba, abincinsa kusan gurasa ce kawai, ga shi kuma yana cin ƙasa. A 1963 binciken da ya yi a Masar ya tabbatar da cewa ƙarancin zink ne, kuma da aka ba irin waɗannan samari sinadarin, sai suka ƙara tsawo suka balaga. Abin da ya cece su shi ne faifan guringuntsin nasu bai riga ya rufe ba, domin idan ya rufe a ƙarshen balaga babu maganin da zai sake buɗe shi.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa: miligiram 3 a rana ga ɗan shekara 1 zuwa 3, miligiram 5 ga ɗan 4 zuwa 8, miligiram 8 ga ɗan 9 zuwa 13. Sai dai jiki ba shi da rumbun ajiyar zink, don haka dole a riƙa samunsa a kai a kai. Nama da hanta da kifi sun fi ba da shi cikin sauƙi. Hatsi da wake ma suna da shi, amma sinadarin fayitet da ke cikinsu yana riƙe shi ya hana hanji tsotsa, shi ya sa yaro kan ƙoshi kullum amma yana cikin rashi. Jiƙa hatsi, ko barinsa ya tsiro ko ya yi tsami, yana rage wannan fayitet ɗin.

Gudawa ma tana kwashe zink daga jiki, kuma a 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Abin takaici, da yawa kan daina bayarwa ranar da gudawar ta tsaya. Amma kada wannan ya sa a riƙa ɗura wa lafiyayyen yaro ƙwayar zink ba tare da shawarar likita ba, domin yawansa yana hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe, wanda shi ma ƙashi da jini ke buƙata.

Wassalam,
Wani mai karatu