Rahoton Sakatare na Shekarar 2024: Hidimar Iyayenmu Mata, na Raye da Waɗanda Suka Riga Mu Gidan Gaskiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, yayye da ƙanne.

Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa daga Janairu zuwa Disambar 2024. Lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji, mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu, za a karanta shi daban. Nawa bayanin ayyuka ne.

Kowa ya san irin shekarar da aka yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wata-wata da muke tarawa ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Yadin likkafani ya tashi, kuɗin motar zuwa ta'aziyya ƙauye ya tashi, kwanon gero ma ba a magana. Duk da haka babu gidan mamba da aka yi rasuwa ƙungiya ba ta je ba. Wannan godiyarsa ta Allah ce, sannan ta waɗanda suka riƙa biyan nasu suna ƙarawa da na waɗanda suka kasa, ba tare da sun bari an faɗi sunansu ba.

Mafi yawan rashin da muka yi ya zo ne a zafin Maris da Afrilu, wanda ya haɗu da azumi. Tsofaffinmu masu hawan jini da ciwon suga sun sha wuya ƙwarai. Allah ya ji ƙansu, ya sa kwanciya hutu ce, ya kyauta namu zuwan.

A nan ne amfanin karatun wankan gawa da ɓangaren mata ya fara ya fito. Da, in mace ta rasu a unguwa, sai a yi ta aike neman tsohuwa ɗaya ko biyu da suka iya, su ma ga shi ƙafa ta fara gagararsu. Malamarmu ta zauna da matasan mata ta koya musu bisa hadisin Ummu Aɗiyya, wadda ta wanke 'yar Manzon Allah (SAW): a fara da dama da gaɓɓan alwala, a yi wankan witiri, sau uku ko biyar ko fiye in da buƙata, da ruwa da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a yi wa gashi kitso uku. Yanzu muna da waɗanda ake kira ko da tsakar dare. Wata daga cikinsu ita ta wanke mahaifiyarta da hannunta. Ta ce ta yi zaton ba za ta iya ba, amma da ta zo kan kitson sai ta tuna yadda ake zaunar da ita tsakanin ƙafafu ana yi mata nata ranar jajiberin salla, hannunta ya daina rawa.

Batun sadakar uku da bakwai da arba'in ya sake tasowa a taron watan Mayu, murya ta ɗan hau. A cikinmu akwai 'yan ɗariƙa, akwai 'yan Izala, akwai wanda masallacin da ya fi kusa da shi kawai yake bi. Matsayar ƙungiya ba ta canja ba: kowane gida ya bi malaminsa, asusunmu ba ya shiga wannan. Abin da muke yi shi ne wanda babu mai ja a kansa, wato kai wa gidan mamaci dafaffen abinci a kwanakin zaman makoki, kamar yadda Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar lokacin da labarin shahadarsa ya iso. A ganina, kuma wannan ra'ayina ne ba na kwamiti ba, abin kunya ne a ga marayu suna cin bashi don su ciyar da masu zuwa gaisuwa.

Sabon abin da muka shigo da shi bana shi ne komawa gaisuwa bayan an naɗe tabarmi. A kwana ukun farko gida cike yake, "ya haƙuri" ta ko'ina, mai rashi ma ba ya samun sukunin sanin abin da ya same shi. Sai baƙi sun watse, an rufe ɗakin tsohuwa, sannan mutuwar take sauka a jiki. Don haka muka sa mutum biyu su riƙa leƙa mamba bayan makonni, su zauna, ba wa'azi, ba dogon surutu. Wani yayanmu, ɗan fari ne a ɗakinsu, ya gaya wa waɗanda suka je masa cewa har mahaifiyarsa ta koma ga Allah bai taɓa jin ta kama sunansa ba, saboda alkunya. Ya girma yana ganin kamar ƙannensa aka fi so. Ranar da aka buɗe adudunta don rabon gado, a can ƙasa ƙarƙashin zannuwa aka tarar da allonsa na farko da 'yar hular da aka sa masa ranar suna, a naɗe cikin leda. Mutum ne mai jikoki, amma ya ce tun daga ranar bai ƙara barci sosai ba. Irin wannan maganar ba a yin ta a rumfar ta'aziyya.

Babban aikinmu na kuɗi shi ne rijiyar burtsatse da muka yi niyya sadaka ga iyayenmu mata baki ɗaya. Hujjarmu sananniya ce: Sa'ad ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ce masa shayar da ruwa. Mai haƙan farko ya karɓi kafin alƙalami ya yi rabin aiki ya ɓace, sai da dattawa suka shiga tsakani aka dawo da wani abu. Na biyu ya kammala, aka ɗora tanki da sola. Masu cewa sola almubazzaranci ce sun yi shiru a watan Oktoba, lokacin da Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wutar lantarki, 'yan garuwa suka tsawwala, famfonmu kuwa yana zuba. Saura gardamar allon suna. Wasu na so a rubuta sunayen iyayen, suna kafa hujja da cewa Sa'ad ma ya ce rijiyarsa ta Ummu Sa'ad ce. Wasu na tsoron riya, wasu kuma na tambaya sunan wa za a fara. Mun bar wa babban taro.

Aikin da ya fi kowanne arha, kuma a wurina ya fi kowanne albarka, shi ne ziyarar ƙawayen iyayenmu. Annabi (SAW) ya kasance in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Da wannan muka ce kowane mamba ya kawo sunan aminan mahaifiyarsa da suke raye, a babbar salla ta watan Yuni aka kai musu naman layya da sabulu da turare, mambarmu ma'aikaciyar jinya kuma ta bi mu da abin awon jini. Mun je da niyyar bayarwa, muka dawo da abin da ya fi. Wata Gwaggo da idonta ya yi rauni ta shafa fuskar ƙanwarmu ta ce, "Ke 'yar wance ce, ga goshin nan." Daga nan ta ɓalle da labari: yadda aka kawo su unguwar amare a shekara ɗaya, adashin da suka yi suka sayi kwallaye, ranar da marigayiyar ta sayar da ɗan kunnenta ta biya kuɗin jarrabawar wannan da ke durƙushe a gabanta. Ƙanwar tamu ba ta taɓa jin wannan ba. Da za mu tafi Gwaggo ta riƙe hannun shugabar mata ta ce, "Kun daɗe ba ku zo ba, na ɗauka da ita aka binne zumuncin." Babu wanda ya iya amsa mata. Zumunta a ƙafa take, mun sani, amma da yawanmu mun mayar da ita waya. Wasu daga cikin sunayen da aka kawo mana, kafin mu isa an riga an kai su makwanci.

Mun taimaka wa matan mambobi da ke takaba da abinci har suka cika wata huɗu da kwana goma. Mun kuma ci gaba da biya wa masu juna biyu marasa hali kuɗin motar zuwa awo, samari kuma sun ba da jini sau da dama a ɗakin haihuwa. Kada a ga kamar wannan ya fita daga manufarmu: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya a Najeriya suke. Cikin mambobinmu akwai waɗanda ba su san fuskar uwa ba saboda haka.

Gyaran katangar maƙabarta bai samu ba, siminti ya fi ƙarfin asusu. Mun dai yi gayyar cike kaburburan da damina ta zaftare. Sannan ina roƙon 'yan zauren WhatsApp, don Allah a daina sa hoton gawa ko na tsohuwa a gadon asibiti. A yi addu'a ya wadatar.

Abin da kwamiti ke kawowa gabanku don 2025 shi ne a mayar da ziyarar ƙawayen iyaye ta kowane wata uku maimakon salla zuwa salla, a ware wani abu don gyaran famfo tun kafin ya lalace, a kuma yanke hukunci kan allon suna da ƙarin kuɗin wata-wata. Wanda bai kawo sunan aminan mahaifiyarsa ba ya miƙa wa shugabar mata kafin azumi, tare da kwatancen gida, domin yawancinsu ba su riƙe waya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa