Zuwa ga masu kama zaurenmu: maganar takardar inshora

Assalamu alaikum abokan hulɗarmu, barkanku da war haka.

Tambayoyi na ta shigo mana kan takardar shaidar inshora da muke cewa a kawo kafin ranar taro, wasu har suna cewa ai ba yau suka fara kama zaure a wajenmu ba, to me ya kawo wannan kuma. Shi ya sa muka ce bari mu yi bayani kowa ya ji.

Wallahi ba rashin yarda ba ne. Mu ma muna da inshorarmu, amma ta gini ce da kayanmu da kuma abin da ya faru ta sakacinmu, kamar a ce silin ya rufto ko matakala ta karye da mutum. Abin da kuka shigo da shi kuwa ba ruwanta. Misali mai kiɗa ya ja wayar sifika ta tsakiyar hanya bai manne ta da ƙasa ba, wata dattijuwa ta zo wucewa wayar ta harɗe ta ta faɗi ƙugu ya karye, ko iska ta ɗaga tantin da mai haya ya kafa ƙarfen ya sauka kan gilashin motar baƙo, to waye zai biya kuɗin asibiti da gyara? In babu inshora, mai taro da mai kiɗa da mu haka za a yi ta nuna wa juna yatsa, ita kuma baiwar Allah tana kwance tana jira. Wannan ne ba ma so, don mutumin da ya zo taya ku murna bai kamata ya koma gida da rauni da bashi ba.

Abin da muke nema shi ne inshorar da ke biyan diyya idan wani ya ji rauni ko dukiyarsa ta lalace a taronku. Ba ita ce wadda ake yi don gudun ɗage taro ko soke shi ba, waccan daban take, kuɗinku take karewa. Kuma satifiket ɗin da kamfanin inshora ya fitar muke so, hoton rasit ko takardar da aka yi muku lissafin farashi ba sa nuna cewa inshorar ta fara aiki.

In takardar ta zo hannunku ku duba da kyau. Sunan da ke kai ya zama shi ne wanda ya sa hannu a yarjejeniyarmu, ba na ƙani ko aboki ba, adadin diyyar kuma kar ya gaza wanda aka rubuta a yarjejeniya. Sai a sa sunan zaurenmu cikin waɗanda inshorar ta shafa, ku dai faɗa wa wakilin kamfanin, aikinsu ne sun san yadda ake yi. Kwanan wata kuwa nan ne aka fi tuntuɓe, mutum zai sa ranar taro kawai alhali masu ado tun jajibiri suke hawa tsani suna rataye fitilu, washegari kuma a zo kwance kaya, kuma haɗari bai san ranar taro kaɗai aka biya ba. Don Allah ta haɗa duka kwanakin.

Masu abinci, masu kiɗa, masu ado da masu tanti kowa ya kawo tasa takardar inshorar. In da wasan wuta ko gidan tsalle na yara, wato na roba da ake hura wa iska, ku tambaya musamman, kamfanoni da yawa suna cire irin waɗannan sai an nema daban.

Wanda ba shi da inshora kar ya tsorata, akwai ta taro ɗaya, ba sai ka yi ta shekara ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, takaful ma, wato inshora bisa tsarin Musulunci, muna karɓa in dai ta ɗauki abubuwan nan.

A turo mana takardar kwana 14 kafin taro, don mukan kira kamfanin mu tabbatar, in da gyara kuma a samu lokacin yinsa. In ba ta iso ba ba za mu iya ba da makulli ba, ko da an gama biyan kuɗin zaure. Duk wanda abin ya shige masa duhu ya kira mu ko ya leƙo ofis da takardar, sai mu duba ta tare.

Mun gode ƙwarai, Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Naku,
Masu kula da zaure