Kafin ka rubuta takardar nan

Unguwar Rimi, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zaman Doha? Mu nan hunturu ya kankama, da safe hazo ba ya barin a hango gadar Kawo daga nesa. Ranar Juma'a da aka sauko daga Masallacin Sultan Bello na biya na gaida Hajiya. Jiki da sauƙi, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta.

Tun daren da muka yi waya ban samu sukuni ba. Ka ce in ka zo hutu za ka rubuta wa maiɗakinka takarda, kowa ya huta. Na yi shiru a lokacin saboda akwai abin da na ɓoye maka kusan shekara biyu, kuma bakina ya kasa faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuto.

Uwargidana ta taɓa yin yaji, kwana arba'in ba ɗaya tana gidansu a Tudun Wada. Aka yi biko yadda aka saba. Kawu ya tafi a madadina, Baffanta ya zauna a madadinta, aka karanto mana aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Allah ya saka musu da alheri, sun yi iya ƙoƙarinsu. Sai dai ka san zaurenmu. Wace mace ce za ta ɗaga kai gaban ƙanin mahaifinta ta faɗi abin da ke ci mata rai game da mijinta? Ni ma ina zan iya buɗe baki gaban Kawu? Aka ce zo mu zauna, zo mu saɓa, a yi haƙuri. Muka ce mun yi. Ta dawo ɗakinta, amma maganar da ta fitar da ita tana nan ba a taɓa ta ba.

Wata biyun da suka biyo baya sun fi yajin ciwo. In dawo daga aiki in tarar da kula a kan tebur, cokali a gefe, ruwa a jug, komai tsaf, ita kuwa tana ɗakin yara ta turo ƙofa. In ci ni kaɗai ina jin motsinta. Ba faɗa, ba zagi, ba kuma magana in ban da "sannu da zuwa" da "gas ya ƙare". Ranar da babbar 'yarmu ta tambaye ni ko Mama ta yi laifi ne, a ranar na san dole in nemi wani ya shiga tsakani.

Da farko na faɗa hannun da bai dace ba. Wata ce a Facebook da ke kiran kanta mai gyaran aure. Na tura kuɗi, ta aiko saƙon murya na minti huɗu, ƙarshensa tallar turare da kayan mata. Daga baya na lura tana wallafa labaran mutanen da suka kai mata kuka, suna kawai take cirewa, jama'a su yi ta yanke hukunci a ƙasa. Na gode Allah ban zurfafa ba. Ka kiyayi irin waɗannan, sun yi yawa yanzu.

Ƙanwata, wadda ke aikin jinya, ita ta wayar mini da kai. Ta ce aikin kashi-kashi ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mai rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a asibiti, shi maganinsa zama ne da tattaunawa. Akwai kuma wanda ya karanci ba da shawara da nasiha, irin kwas ɗin da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa yana da na farko da na biyu, amma mu da mun ji an ce Barnawa sai mu ce hauka, alhali mutum da hankalinsa garau yakan je saboda damuwa ko rashin barci. Ko doka ta canja: a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A 2022 kuma an yi dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu ba da shawara rajista. Don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi mutum me ya karanta, a ina, kuma wa ya ba shi izinin wannan aiki.

Ta hanyar ƙanwar tawa muka samu wata dattijuwa, Bahaushiya, mai aiki a wani asibiti a nan cikin gari. Na so namiji, uwargida ta ce in ba mace ba ce ba za ta je ba. Na bi nata, kuma daidai ne da na bi.

Ɗan ƙaramin ofis ne, kujera uku, fanka, da agogon bango. Abu na farko da ta faɗa shi ne duk abin da aka yi a ɗakin nan a nan zai tsaya, sai fa in ran wani na cikin haɗari. Ta gana da kowannenmu shi kaɗai, sannan ta haɗa mu. Ƙa'idarta ɗaya ce ta fi ba ni wuya: in ɗaya yana magana ɗayan ba ya katse shi, in ya gama kuma sai ka maimaita abin da ka ji kafin ka ba da amsa. Sau uku ina maimaitawa uwargida tana girgiza kai, wai ba haka ta ce ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ashe amsata nake shiryawa tun kafin ta rufe baki.

A zama na uku uwargida ta buɗe jaka ta fito da littafin makaranta mai shafi arba'in. Lissafin cefane ne, rana-rana, da hannunta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kayan masarufi suka bi sahu, ni kuwa abin da nake ajiye mata da safe bai ƙaru da ko sisi ba. Da kuɗin adashinta take cikawa. Ta sayar da 'yan kunnenta na gwal a zangon da kuɗin makarantar yara ya zo. A daidai lokacin nan ni ina ta hidimar bikin ƙanina, ina jin daɗin ana cewa babban yaya ya kyauta. Ta ce ba kuɗin ne ya fi ƙona mata rai ba, a'a, ban taɓa tambayar yadda tukunya take cika ba. Na riƙe littafin nan hannuna yana rawa. Matar ba ta ce ni ne mai laifi ba, ba ta kuma ce ita ce ba. Tambayata kawai ta yi me na gani a ciki.

Zama takwas muka yi, kusan awa ɗaya kowanne, duk bayan mako biyu. Har yanzu mukan saɓa, amma tare muke cin abincin dare, kuma duk ƙarshen wata tare muke lissafi.

Na dawo kanka. Ka ce tun da ta haihu ta canja, ba ta barci, ga yawan kuka, ga ƙin shiga mutane, har Hajiya tana ganin raini ne. Ni ba likita ba ne, amma akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, sananne ne a asibiti, kuma ana warkewa. Yarinyar nan tana jego mijinta yana wata ƙasa, tana zaune gidan suruka, ba ta da wanda za ta faɗa wa ta gaji. Kafin a kira abin rashin tarbiyya, a bari likita ya gan ta.

In za ku nemi mai shiga tsakani, ku nemi wanda yake jin Hausa sosai, don baƙin ciki ba ya fita daidai da harshen aro. Ya san addininmu da zaman gidan gandu, kada ya ce maka ka yi watsi da mahaifiyarka, kada kuma ya ce mata ta haɗiye komai. A yi maganar kuɗi tun farko. In kun yi zama biyu ko uku ɗayanku yana jin an haɗe masa kai, ku canja wani. Wasunsu suna yin zama ta bidiyo, ka ga ko ka koma Doha ba za a yanke ba.

Abu biyu kuma ba nasu ba ne. Ka ce ka taɓa furta wata kalma cikin fushi. Wannan malami za ka kai wa, masanin fiƙihu, ka faɗa masa lafazin yadda ya fito, shi zai gaya maka igiya nawa ta rage. Na biyu, na san ba halinka ba ne, amma inda ake duka ba a fara da zaman sulhu, sai an tsare lafiyar wadda ake duka tukuna.

Ka kira maiɗakinka a daren nan. Kada ka ce za ka kai ta a gyara ta, ka ce kana so ku je tare, ka kuma tambaye ta mace take so ko namiji. Hajiya kuwa ka bari sai ka zo mu same ta tare, na san yadda zan shigar da maganar. Ka turo mini ranar saukarka Abuja da jirgin ƙasan da za ka biyo, zan jira ka a tashar Rigasa. Lambar matar nan tana wurina, kuma uwargida ta ce gobe in Allah ya kai mu za ta je Kawo ta wuni da maijego.

Ka gaida abokan zama. Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Unguwar Rimi.